Abin da Eleodoro Ya Ɗauka

Kowace Asabar, kafin rana ta leƙo tuddan Valparaíso,
mu huɗu muke haɗuwa a gaɓar masunta,
jaka a kafaɗa, kofi a gora,
wai mun zo ɗaukar kwasakwasa.
Ƙarya ne. Gardama ce ke kawo mu.

Nibaldo, likitan haƙori da ya ajiye aiki,
gilashin kyamararsa ya kai hannun yaro tsawo,
kuɗinsa ya isa sayen kwale-kwale har da inji.
Cewa yake, "Gilashi shi ne ido,
sauran duk akwati ne."
Fresia ta ce, "Akwatin ke gani a duhu.
Bari rana ta faɗi, mu ga tsiyar gilashin."
Ni kuwa ina bayan duk wanda ya biya kuɗin burodi.

Eleodoro ba ya musu a kan ƙarfe.
Shekara talatin yana tuƙa bas mai igiyar lantarki,
ya ce ya ƙoshi da maganar inji.
Tasa kyamarar ta tsufa har rubutun maɓallan ya goge,
murfin batir a ɗaure da roba.

Da yamma mukan watsa namu a intanet,
Nibaldo na ƙirga masu yabo
yadda dā yake ƙirga haƙoran da ya cire.
"Ɗari uku da bakwai! Har da wani daga Japan!"
Sai Eleodoro ya ce, "Sun gani, ko sun wuce?
Yatsa ya fi ido sauri.
Abin da ka yi awa biyu cikin sanyi kana jira,
wani ya ture shi kafin ruwan shayinsa ya tafasa."
Fresia ta ce, "To naka fa?
Hoton da ba a gani ba da wanda ba a ɗauka ba,
uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya."
Ya yi dariya, ya goge gilashi da bakin riga,
Nibaldo ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa.

Shekara tara, ko ɗaya bai nuna mana ba.
A bayan idonsa muka yanke cewa ba sa fitowa.

Watan Yuli, tsakiyar sanyi,
zuciyarsa ta tsaya a kan matakalar unguwarsu.
Bayan sati uku matarsa Uberlinda
ta zo da faifan ajiya cikin safar ulu.
Ta ce, "Ni ban san ta inda ake shiga ba."

A kicin ɗin Fresia muka buɗe.
Hoto dubu goma sha ɗaya.
Kwasakwasa ba su kai ashirin ba.

Sauran duk mu ne.

Ga Nibaldo, baki buɗe, yatsa a sama,
a bayansa tsuntsun da ya zo nema
ya tsunduma teku, ya fito da kifi, ya tafi.
Ga Fresia tana dariya da dukan haƙoranta.
Ga ni ina gutsurar burodin da ba nawa ba.
Daga hoto zuwa hoto furfura na cin kawunanmu,
ba mu lura ba, muna duban maɓallai.

Wasu sun karkace, wasu sun yi dishi-dishi.
Nibaldo ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo,
ya ce, "Gefen nan bai fito da kyau..."
sai muryar ta ƙi ƙarasawa.

Fresia ta ce, "Mu sa su, duniya ta gani."
Nibaldo, Nibaldo fa, ya ce, "A'a. Bai so ba."
"Ai ya rasu."
"Shi ya sa."
Uberlinda ta dubi wannan, ta dubi wancan,
ta ce, "Ashe bai yi muku ƙari ba,"
ta tashi ta sake ɗora ruwa.

Har ƙarfe ɗayan dare suna yi.
Ban goyi bayan kowa ba, babu mai burodi.
Tsohuwar kyamarar na kan tebur, kusa da sukari.
Na ɗauka, robar ta tsinke,
na danne murfin da babban yatsa,
na ja baya taku biyu
don su shiga su duka.